Koren Kwalin da Na Sayo a Kasuwar Gusau

Gusau,
ranar Talata da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya a gidan kawunki. Allah ya tsare min ke a hanyar ƙasa da ta sama, ya sauke ki ƙasar Sin lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin abin da kika sani da wanda ba ki sani ba. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Kawunki ya zo Gusau ta'aziyya, gobe zai koma, ya ce jirginku sai ranar Asabar. Shi ya sa na zauna rubutu. Na ce na zauna, amma ba zama ba ne. Tun safe na share tsakar gida sau biyu, na jiƙa kalwa na manta ban hura wuta ba, na ɗauki biro na ajiye ban san adadi ba. Wannan ita ce takarda ta uku. Biyu na yayyaga su.

Magana ɗaya ce ta hana ni sukuni, kuma ke kika yi ta. Ranar da muke ɗaure kayanki, kin ji ina jan hanci, sai kika ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki. Da zarar na gane gari zan nemo miki maganin hancin nan na asali, in aiko miki." Na yi murmushi na ce Allah ya kai mu. Amma tun daga ranar maganar take zaune a ƙirjina. Kin ce a karatun haɗa magungunan da za ki yi har da na itatuwa da saiwoyi irin nasu za a koya muku. To, ni na riga ki shan maganin mutanen nan, kuma akwai abin da ya kamata ki ji daga bakina kafin ki taka ƙasarsu. Ba zan cika ki da labarin gida ba. Kurakuraina zan faɗa miki.

Kin tashi kin gan ni ina daddawa, amma ba ki san ni ba lokacin da nake da hanci. A Bungudu na koya, wajen Inna mahaifiyata, wadda kika ci sunanta. Mutane suna zaton daddawa aikin hannu ce. Hannu kam yana shan wahala, a dafa kalwa wuni guda, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a zuba a kwando a rufe. Amma hukuncin na hanci ne. Idan an rufe ta ba a yawan buɗawa ana leƙe. Daga bakin ƙofa ake sansanowa. Akwai warin da ke cewa saura, akwai mai cewa yanzu, akwai mai cewa an makara, kuma tsakanin yanzu da an makara bai wuce tsakanin azahar da la'asar ba. A nan na fi sa'o'ina. Da aka kawo ni Gusau gidan babanki, ba a jima ba aka san daddawata a unguwa. Gwaggonki Luba, ƙanwar babanki da ke aure a Tsafe, ita ke karɓa ta sayar can ranar kasuwa, kuma ba ta taɓa komawa gida da saura ba.

Wata damina, kina aji uku na firamare, mura ta kama ni. Ruwa ya yi yawa a shekarar, sai na mayar da murhu cikin madafa, na rufe ƙofa, ina dafa kalwa da jiƙaƙƙen itace. Hayaƙi ya cika ɗaki har ba na ganin bakin tukunya. Murar ta yi sati biyu, ta yi wata, ta ƙi tafiya. Majina ta yi kauri ta koma rawaya. Goshina da ƙasan idanuna suka yi nauyi, idan na yi sujada sai in ji kamar an cika min fuska da jiƙaƙƙen yashi. Na je Bungudu gaida Inna, tun daga sallamata ta gane. Ta ce, "Saude, wagga mura ba ta wasa ba ce. Ki bar hayaƙi kwana bakwai, ki yi surace safe da yamma. In ba ta sake ki ba, ki tafi asibiti." Ta tashi da kanta, da ciwon gwiwarta, ta ɗaure min ganyen turare da na lemun tsami, da citta da kanumfari. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na dawo gida na rataye ƙullin a ƙusa. A raina cewa na yi, wa ke kashe wuta kwana bakwai saboda mura? A ƙusar nan ya bushe har ya zama gari.

Ummi, hancin nan nawa kika gado. Na san atishawar da kike jerawa kowace safiya, na san yadda muryarki ke komawa idan kin sha ruwan sanyi. Can kuma an ce sanyinsu har ƙanƙara yake zubarwa. Idan mura ta kama ki ta wuce kwana goma, kika ji fuskarki ta yi nauyi, ki ajiye littafi ki tafi asibitin makaranta. Kada ki ce sai an gama jarrabawa. Ni ma cewa na yi sai an gama kasuwar wannan satin, kuma kasuwa ba ta taɓa ƙarewa ba. Idan babba ya ba ki shawara mai sauƙi, kada sauƙinta ya sa ki raina ta.

Ranar da na gane hancina ya mutu, miya nake yi. Ina zaune dab da murhu ina tsince shinkafa, sai na ji maƙwabciyarmu ta ɗaga murya ta kan katanga tana tambaya ko wani abu ke ƙonewa a gidanmu. Na waiwaya, tukunya ta yi baƙi ƙirin. Ban ji komai ba. Na shiga ɗaki na buɗe kwalbar turaren babanki na kai hanci, kamar ruwa. Na sansana kananzir, na sansana tafarnuwa, na shiga ɗakin daddawa na tsaya a kan kwando. Shiru. Na zauna a bakin gado. Daga nan na yanke shawarar da ta fi kowace muni, na ce ba wanda zai sani.

Sai na koma lissafin kwanaki a madadin hanci. Amma daddawa ba ta bin kwanaki, zafin gari take bi. Wani zubin ya yi daidai bisa sa'a, wani ya yi saura, wani ya zarce. Masu saye a unguwa suka fara raguwa ba tare da sun ce komai ba. Gwaggonki Luba ce kaɗai ta yi min abin da ɗan'uwa ke yi. Ta hau mota tun daga Tsafe da kwandon a cinyarta, ta shigo, muka gaisa, ta bari sai da muka shiga ɗaki sannan ta buɗe shi a gabana. Ta ce, "Yaya, wagga ba irin taki ba ce. Ko dai ba ki da lafiya?"

Na ɗauki kwandon na kai hanci kamar mai sansanawa, na ce lafiyarta ƙalau. Ban tsaya nan ba. Na fito tsakar gida, a gabanku, na ce ta samu wata mai daddawa ce take neman hanyar rabuwa da ni, in ta gaji ta faɗa, ba sai ta ɓata min suna ba. Ta fito daga ɗakin. Ta yafa mayafinta ta fita, ko ruwan da kika kawo mata ba ta sha ba. Fiye da shekara ba ta tako gidanmu ba. Babanki ya rasa inda zai sa kansa tsakanin matarsa da ƙanwarsa, sallah ta zo ya tafi Tsafe shi kaɗai. Kin sha tambayata me ya sa Gwaggo ta daina zuwa, ina ce miki hidima ce ta yi mata yawa.

Girman kai ne, ɗiyata, ba wani abu ba. Na gwammace in rasa 'yar'uwa da in ce ba na iyawa. Za ki shiga aji inda ake magana da harshen da ba naki ba. Ranar da ba ki gane ba, ki ɗaga hannu ki ce ba ki gane ba, ko da kowa zai waiwayo ya dube ki. Kuma duk wanda ya ja ki gefe ya faɗa miki aibin aikinki, ki shimfiɗa masa tabarma. Masu ƙin ki ba za su faɗa miki ba, tafiyarsu kawai za su yi.

Ana cikin haka na shiga kasuwa sayen kanwa. Kusa da masu kayan yaji akwai shagon wani mutum mai sayar da magungunan waje, su man zafi da shayi iri-iri. Ba zan ambaci sunansa ba, don bai fi ni laifi ba. Ya ji yadda nake magana ta hanci, ya kira ni, ya ɗauko wani koren kwali. A jikinsa an zana fuskar mutum an yi ja a kewayen hancinsa, gefe kuma ga wani farin fure. A ciki akwai 'yar kwalba cike da baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana kamar masoro, da wata siririyar takarda a ninke, cike da rubutun 'yan Caina gaba da baya. Na tambaye shi yadda ake sha. Ya warware takardar, ya juya ta nan, ya juya ta can. Daga ni har shi ba wanda ya san ina ne samanta. Sai ya ninke ta ya ce, "Hajiya, ai itatuwa ne zalla, ba irin na Bature ba ne. Ki sha yadda jikinki ya ba ki."

Gaskiya ɗaya ce, maganin ya yi aiki. Na fara da kaɗan, safe da yamma. A rana ta biyar na fito daga alwalar la'asar, sai na ji wani abu ya buɗe a tsakiyar goshina, majina ta zubo mai yawa. Na fyace, na ja numfashi, sai ga ƙamshin albasa da ake soyawa a maƙwabta. Na tsaya riƙe da buta ina hawaye. Na bi gida ina sansanar komai kamar mahaukaciya, sabulu, tabarma, ƙeyar ƙaninki. Na yi sujada kaina sakayau. Satin nan na rufe daddawa na buɗe ta a kan gaɓa, irin ta da. Saboda haka kada ki je can kina cewa mahaifiyarki ta ce maganinsu ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne. Ni ce ban san iyakarsa ba.

Tsoro ne ya fara shiga ni, kada abin da ya dawo ya sake tafiya. Duk ranar da na ji ƙamshi ya ɗan dushe sai in ƙara. Daga 'yan ƙwayoyi na koma zubawa a tafin hannu ba ƙirge, daga sau biyu na koma sau uku. Kwalba ta ƙare na sayo wasu. Na haɗa da wani maganin ɗigawa na kemis, mai buɗe hanci nan take ya kuma toshe shi fiye da da in ya sake. Na haɗa da jiƙon da wata mata ta ba ni a gidan suna. Wata ya bi wata ina haka, ina ɓoye kwalaben a cikin kwallayena na jere, inda na san babanki ba ya taɓawa.

Yanzu na iso inda na yaga takardu biyu. Na tashi na sha ruwa, na leƙa ƙofar gida, na dawo. Bari in faɗa kawai.

Kina da shekara tara. Hancinki ya toshe, kina barci da baki buɗe, kina dawowa daga makaranta da kuka saboda yara suna kwaikwayon muryarki. Na dube ki na ji tausayi, na ce ga magani a ɗakina, me zai sa ɗiyata ta wahala. Sai na riƙa murƙushe ƙwayoyin nan da bayan cokali ina zuba miki a koko kowace safiya kafin ki tafi. Kin ce min kokon yana ɗaci, na ƙara miki sukari. Kusan sati biyu ina yi. Daga nan kika fara amai, kina riƙe ciki, kika kwanta, ko awarar da kike so aka kawo sai ki kau da kai. Babanki ya ɗora mu a babur zuwa asibitin unguwa. Ma'aikacin ya tambaya ko an ba ki wani abu a gida. Ina tsaye, ina riƙe da takalmanki. Na ce babu, sai maganin zazzaɓi.

Suka ce taifod ce, suka yi miki allurai. Da yake kin daina karɓar koko, kin daina shan abin da nake zubawa, bayan kwana goma kika miƙe. Kowa ya ce allura ta yi aiki, ni ma na riƙe hakan da hannu biyu. Zuciyata tana raɗa min wani abu, ina toshe mata baki, domin in na yarda maganin ne ya kwantar da ke, dole ni ma in bar shi, kuma ban shirya komawa cikin duniyar da ba ta da ƙamshi ba. Kin girma kina cewa "lokacin da na yi taifod". Har yau ba kya shan koko, ƙannenki suna yi miki dariya, ni ma ina taya su. Ba na jin taifod ce, Ummi. Ni ce.

Bayan wata biyu nawa ciwon ya zo. Tashin zuciya, kasala, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, fitsari kamar ruwan shayi. Maƙwabciyarmu ce ta fara cewa idanuna sun yi rawaya, na ce hayaƙi ne. Wata safiya ina surfe, taɓarya ta suɓuce, na bi ta ƙasa. Na farka a gadon babban asibiti. Likitar mace ce, mai sanyin magana. Ta ce hantata ce ta kumbura, ta tambaye ni me nake sha. Na ce ba komai. Ta sake tambaya ta wata hanya, na sake musawa. Babanki yana tsaye yana dubana. Sai ya fita. Bayan azahar ya dawo da baƙar leda, ya zazzage ta a kan gado kusa da ƙafafuna. Kwalabe ne, da korayen kwalaye. Ya bincike ɗakina kaf har cikin kwallaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Likitar ba ta yi min faɗa ba. Ta zaro siririyar takardar nan da ta rage a wani kwali ta ɗauke ta hoto, ta ce tana da abokiyar aiki da ta yi karatu a Sin, za ta aika mata. Washegari ta zo da amsa, ta ja kujera ta zauna, tana karantawa tana fassara mana. Ashe duk abin da nake bukata yana cikin takardar da na yi watanni ina jefarwa. Akwai tohon wani fure da ake tsinka kafin ya buɗe, shi ke buɗe hanci. Akwai na'ana'a, akwai saiwar wani tsiro mai sauke ciwon goshi. Akwai kuma ƙwallon wata ciyawa mai ƙaya kamar ƙarangiya, wanda kaɗan ɗinsa magani ne, mai yawansa guba ne ga hanta. An rubuta adadin da za a sha, an rubuta kwanakin da ba a wucewa. Ta ce a can ma ba kowace toshewar hanci ake ba wannan ba, suna raba ta sanyi mai farar majina da ta zafi mai rawaya, kowace da nata, kuma sai mai magani ya dubi harshen mutum ya taɓa jijiyar hannunsa kafin ya ba shi. Sannan ta karanta layin ƙarshe. Ba a ba mai ciki, ba a ba mai ciwon hanta, ba a ba yara sai da izinin likita.

Na juya fuskata bango. Babanki ya zaci ciwon ne ya motsa, ya shiga yi min sannu.

Sai bayan an sallame ni na faɗa masa. Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago cewa ya yi, "Allah ya rufa mana asiri, ya bar mana ita. Amma ke za ki faɗa mata da bakinki idan ta girma." Bai sake tayar da maganar ba har yau. Ni kuma na yi ta ɗagawa. Na ce sai kin gama firamare, na ce sai kin gama sakandare, na ce sai hankalinki ya kwanta. Ga shi har kin kama hanya, bakin ya gaza, sai hannu.

Kwana na uku a asibiti gwaggonki Luba ta shigo da fulas ɗin kunu. Ba wanda ya roƙe ta, labari kawai ta ji. Ta ajiye jakarta, ta kwashe kayana masu datti ta fita wanki, kamar jiya muka rabu. Da ta dawo na riƙe hannunta na ce mata tun wancan lokacin ba na jin wari. Ta ce ta sani tun ranar, domin na kai kwandon hancina fuskata ba ta ko motsa ba, alhali ita tun daga Tsafe fasinjoji ke tsaki. Na nemi gafararta, ta ce in sha kunu kada ya huce.

Hanta ta warke a hankali. Daga baya likitan hanci ya leƙa da fitila, ya ga wani tsiron nama ya tare hanya, abin da ba ƙwayar da za ta narkar. Aka yi min ɗan aiki, aka ba ni na fesawa, aka koya min wanke hanci da ruwan gishiri mai ɗumi. Na fitar da murhu ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa. Suracen Inna ma yanzu ina yi, kuma ina jin daɗinsa, sai dai ta rasu ban ce mata ita ce da gaskiya ba. Ƙamshi ya dawo rabi da rabi, yau ya zo gobe ya tafi. Shi ya sa kike ganin ina kiran maƙwabciyarmu ta tsaya min a ƙofar ɗaki kafin in buɗe kwando. Da farko kamar in nutse don kunya. Yanzu ko a jikina.

To ga abin da nake so da ke. Ki koyi rubutun mutanen nan sosai, ba don cin jarrabawa kawai ba. Ki koye shi har ya zama idan aka miƙo miki irin takardar nan za ki karanta ta tun daga sama har layin ƙarshe, domin a layin ƙarshe ake ajiye abin da ke kashe mutum. Duk ganye ko saiwar da aka nuna miki, kada ki tsaya a kan me take warkarwa. Ki tambayi nawa ake sha, kwana nawa, wa ba a ba. Kada wani ya ruɗe ki da cewa itace ne zalla. Zaƙami ma itace ne, kin kuwa ga abin da yake yi wa samari. Ki girmama malamanku na can, sun gaji iliminsu kaka da kakanni kamar yadda Inna ta gaji nata, kada kuma ganin nasu a kwalba ya sa ki raina na gida da ke cikin tsumma. An ce wasu magungunansu ana sa sassan dabbobi ko giya a ciki, ki tambaya kafin ki kai bakinki, addininki ba ya tsayawa a filin jirgi.

Sannan ki shirya wa 'yan'uwa. Labarin tafiyarki ya riga ya kai Bungudu da Nahuce da Tsafe. Tun yanzu an fara zuwa min, wannan ƙafa, wannan ƙugu, wannan hancin jikanta. Za su samu lambarki, za su kira ki, za su ce ki taimaka ki aiko ko ɗan kwali ɗaya ne. Za ki ji nauyi, don wasunsu sun goya ki. Ki gaishe su da ladabi, ki ce su je a duba su. Kada ki ba da magani ga jikin da ba ki gani ba. Tausayi ne ya sa na murƙushe ƙwayoyin nan a kokonki, ba mugunta ba, kuma tausayin bai rage miki amai ko ɗaya ba.

Ni ma ina cikinsu. Kada ki aiko min da komai. Ko na kira ki wata rana ina kuka na ce hancin ya dame ni, ki ce min a'a. Idan Allah ya sa kin gama kin dawo, ki zaunar da ni a kan tabarma, ki leƙa hancin da idonki, ki dubi harshena, ki tambaye ni me nake sha, ki kuma sake tambaya, don kin san halina yanzu. Abin da kika ba ni a ranar zan sha, daidai yadda kika ce.

Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar. Ki yafe min. Ba na cewa ki yi sauri, in ranki ya ɓaci yana da hakkin ɓaci. Amma ki kira ni kafin jirginku ya tashi. Ko ba ki da abin faɗa ki kira, in ji numfashinki, sai ki kashe.

Jiya na ga tsohon hijabinki na islamiyya a kan igiya, kin manta da shi. Na ɗauko zan sa a wanki, sai na kai shi fuskata. Na daɗe a tsaye. Ban sani ba ko hancin ne ya yi min alheri ko zuciya ce ta ƙaga, amma na ji man da kike shafawa, na ji ke. Na fasa wankewa. Na ninke shi na sa a ƙarƙashin matashina.

Allah ya kiyaye ki a tafiya da zama, ya tsare lafiyarki da imaninki, ya buɗa miki ƙirji ga ilimi mai amfani, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa, kada ya zama sanadin cuta. Ya kare ki daga sanyin ƙasar da ba ki saba ba da kaɗaicin baƙunta. Na ba da ke amana ga wanda amanarsa ba ta ɓata. Allah ya yi miki albarka, ya dawo min da ke ina raye.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Saude.